Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Duwatsun Da Ake Gani A Fim, Da Yadda Mai Kallo Zai Hau Su A Lokacin Hutu

DUK wanda ya taso yana kallon finafinan Hausa tun zamanin kaset ya san wannan sin ɗin. Saurayi da budurwa suna zance a falo ko a ƙofar gida, ya faɗa mata wata kalma mai daɗi, ta sunkuyar da kai, sai kawai kiɗan fiyano ya tashi. Kafin mai kallo ya ƙifta ido, ga su can a ƙololuwar wani dutse, iska tana kaɗa mayafin jaruma, jarumi ya buɗe hannuwa, a bayansu kuma kore shar har iyakar ganin ido. Ko ɗigon gumi babu a goshinsu, kwalliya ba ta ɓaci ba, takalmin jaruma mai tsini yana nan fes.

To, ai fim ke nan. Abin da kyamara ba ta nunawa shi ne sammakon da aka yi, da bas ɗin da ta tsaya a gindin dutse don hanya ta ƙare, da yaran lokeshin da suka yi dakon kyamara da rakoda da jakunkunan kayan canji har sama. Waƙar da ba ta wuce minti biyar a talbijin ba tana iya cinye yini guda cur, a canza kaya sau huɗu ko biyar, a jira rana ta fito daga cikin gajimare, darakta ya ce a sake.

Wannan salon dai kowa ya san daga inda aka gano shi. Shekara da shekaru Hausawa suna cika sinimomi irin su Plaza da Orion da Marhaba a Kano suna kallon taurarin Indiya suna waƙa a tsaunukan Kashmir. Da rikici ya ɓarke a Kashmir a 1989, sai masu shirya finafinan Indiya suka ƙara karkata zuwa ƙasar Suwizalan. A can aka ɗauki wani ɓangare mai yawa na fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, kuma daga baya Indiyawa suka riƙa tururuwa zuwa ƙasar don kawai su taka inda taurarinsu suka taka. Abin ya kai har a 2016 aka kafa mutum-mutumin darakta Yash Chopra a garin Interlaken don nuna godiya.

A ƙasar Hausa kuwa an tsaya a kallo. Matashi zai haddace waƙar nanaye daga farko har ƙarshe, ya san wanda ya rera da wanda ya hau kanta, amma bai san sunan dutsen da aka yi rawar a kai ba, alhali wataƙila bai fi tafiyar awa biyu daga gidansu ba. Ga shi yanzu kasuwar kaset da faifai ta mutu, an koma finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshin talbijin, waɗanda akasarinsu a cikin gidaje da ofisoshi ake shirya su. Dutsen da kyamara ta daina zuwa, baƙo ma ba ya zuwa, ƙarshensa sai ya zama juji ko ya faɗa hannun masu fasa dutse. Shi ya sa duk matashin da ya samu hutun makaranta ko na aiki ya kamata ya ware 'yan kwanaki ya je ya gani da idonsa. Ga wuraren nan a jere, daga mafi sauƙi zuwa mafi wahala.

DALA: A FARA DA NA GIDA

Mutum nawa ne aka haifa a Kano, suka girma a Kano, suke faɗin "mai Dala da Goron Dutse" da alfahari, amma ko sau ɗaya ba su taɓa hawa Dala ba? Suna da yawa, har a cikin 'yan fim. Ƙololuwar Dala tana kan mita 534 daga doron teku, sai dai da yake shi kansa birnin a kan tudu yake, hawan bai wuce na 'yan mintoci ba, kuma akwai matakalar siminti har sama. Yaro zai iya, dattijo ma zai iya in ya bi a sannu.

Daga sama ne mutum zai gane girman Kano. Ga Goron Dutse can yana fuskantar Dala, ga hasumiyoyin Babban Masallaci kusa da Gidan Rumfa, ga rufin rumfunan kasuwar Kurmi, ga lunguna sun sarƙe kamar zaren saƙa. In an yi sa'a aka hau gab da magariba, za a ji kiran salla yana tasowa daga ɗaruruwan masallatai a lokaci guda, abin da babu na'urar ɗaukar sautin da za ta iya kama shi yadda yake.

Nan ne kuma mafarin garin. Binciken masana ya nuna tun wajen ƙarni na 7 ake narkar da tama a gindin dutsen. Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura a nan, tun kafin zuwan Bagauda a shekarar 999. Har gobe kuma, ranar Takutaha, wato 19 ga Rabi'ul Awwal, mako guda bayan Mauludi, jama'a kan yi dafifi su hau Dala. Wanda yake son shiru da ɗaukar hoto a natse sai ya kauce wa wannan ranar, ya je da sassafe a ranar aiki.

Sai dai kash, mai hawa zai ga abin da zai ɓata masa rai. Gidaje sun matse gindin dutsen, zaizayar ƙasa tana cin gefunansa duk damina, ga ledoji ko'ina.

Wanda ya gama da Dala yana neman fitar yini ɗaya, sai ya nufi Birnin Kudu a Jihar Jigawa. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse, akwai kuma duwatsun da idan aka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse suke ba da amo kamar ƙararrawa, kowanne da irin muryarsa. Masoya kiɗan fim sai su je su ji irin fiyanon kakanni.

KUFENA: A NAN AKE FARA HAKI

Daga Kano zuwa Zariya tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka. A yamma da birni, kusa da Wusasa, dutsen Kufena yake tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili. Shi ba jar ƙasa ba ne irin Dala, falalen dutse ne sumul, kuma babu matakala. A wasu wuraren sai mutum ya haɗa da hannu. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe da mayar da shi wurin fita a ƙarshen mako, saboda haka samun wanda ya san hanya ba wuya.

Tarihin Zazzau ya nuna an zauna a Turunku, an zauna a Kufena, kafin a kafu a Zariyar yanzu a ƙarni na 16, zamanin da ake dangantawa da Bakwa Turunku da Sarauniya Amina. Har yanzu ana ganin burbushin tsohuwar ganuwa a kewayen dutsen. Wanda ya kalli fim ɗin Amina na darakta Izu Ojukwu, wanda ya fito a Netflix a 2021, idan ya tsaya a saman Kufena zai fahimci dalilin da ya sa mutanen da suke zaɓar irin wannan wuri: mahayin doki ba zai tunkaro garin ba tare da an hango ƙurarsa tun daga nesa ba.

Bayan an sauko, a leƙa Wusasa. Akwai tsohuwar majami'ar da aka gina da ƙasa a 1929 bisa fasalin ginin Hausa, kuma a garin ne tsohon shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon ya tashi. Abu ɗaya da za a kiyaye: falalen Kufena yana ɗaukar zafi kamar tanda da zarar hantsi ya dubi ludayi, in kuma an yi ruwa santsinsa ba a magana. A hau da sanyin safiya, a sauko kafin azahar.

JOS: GIDAN LOKESHIN

Idan ana maganar duwatsu a finafinan Hausa, to Jos ce uwa. Garin yana kan kimanin mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa sanyinsa ya bambanta, haskensa ma ya bambanta. Ga duwatsun da suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu, ga ciyawa, ga tafkuna. Furodusa ba ya buƙatar kashe ko sisi a kan adon wuri.

Dangantakar Jos da fim ta daɗe. A nan hedikwatar Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979, haka nan makarantar koyon aikin fim ta ƙasa. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugabancin hukumar a watan Janairun 2024, a Jami'ar Jos ya yi digirinsa, kuma abin sha'awa a fannin labarin ƙasa. Sannan a 2007, lokacin da aka dakatar da shutin a Jihar Kano na tsawon watanni, Jos da Kaduna na cikin garuruwan da 'yan fim suka koma da kayan aikinsu.

Ga mai son hawa na gaske, tsaunukan Shere ne wurin zuwa. Suna gabas da gari, tazarar kamar kilomita 10, kuma ƙololuwarsu mafi tsawo ta kai kimanin mita 1,829. A gindinsu akwai makarantar horas da matasa juriya da shugabanci, wadda aka fi sani da ta 'yan Man O' War, inda ake koyar da hawan dutse da igiya. Tafiyar Shere ta yini guda ce. Ana ratsa gonaki da ƙananan ƙauyuka, a kutsa ta tsakanin manyan duwatsu, wani wurin ma sai an rarrafa. Wanda ya kai sama zai ga Jos kwance a ƙasa, iska mai sanyi tana dukansa ko da tsakar rana ce. Ba a shiga Shere ba tare da ɗan jagora ba, domin duwatsun sun yi kama da juna, ɓata ba wuya.

A kan hanyar Jos zuwa Abuja, wajen Hawan Kibo, akwai magangarar ruwa ta Assop, inda ruwa yake faɗowa daga kan dutse cikin kurmi. Kusa da Riyom kuma ga duwatsun nan masu ɗaurin kai da ake yawan gani a kalanda. A cikin gari akwai gidan tarihi da aka buɗe a 1952 da gandun namun daji, ga wanda ƙafarsa ta gaji.

Gargaɗi a nan shi ne tafkunan. Yawancin ruwayen da ake gani shuɗi gwanin kyau a bayan jarumai, irin na Rayfield, tsofaffin ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cika. Gefensu a tsaye yake, zurfinsu ya wuce yadda ido yake zato, ruwan kuma sanyi ƙarara. A yi hoto a bakinsu, a bar wanka.

MAMBILA: SAI MAI DOGON HUTU

Wanda ya samu mako guda ko fiye, kuma aljihunsa da ɗan nauyi, to ya nufi tsaunin Mambila a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba. Daga Jalingo ake bi ta Bali, a wuce Serti, a isa Mayo Selbe, daga nan mota ta fara nishi a hawan da direbobi suke kira Biyu da Sisi, hanya tana lanƙwasa kamar maciji, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗaya gefen. Da an gama hawan sai mutum ya ga kamar an canza masa ƙasa. Tuddai ne kore shar suna bin juna, shanun Fulani suna kiwo a kansu, hazo yana sauka har kan rufin gidaje da safe.

Tsayin Mambila ya kai kimanin mita 1,600 a mafi yawan wurare, kuma da wuya zafin rana ya wuce digiri 25. A Kakara akwai gonakin ganyen shayi da suka rufe tuddai layi-layi, irin waɗanda masu kallo suka saba gani a finafinan Indiya kaɗai. Gembu ce hedikwata, nan ake samun masauki, kuma da Hausa ko Fulatanci baƙo zai yi harkarsa ba matsala. Daga Gembu ko Nguroje ana iya yin tattakin awa biyu ko uku a kan tuddai a dawo, ba sai an yi wani shiri na musamman ba, illa rigar sanyi mai kauri.

Gwanayen hawa kuwa burinsu Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a duk Nijeriya, mai mita 2,419, a kan iyaka da Kamaru. Yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, wanda aka mayar na ƙasa a 1991, kuma shi ne mafi girma a ƙasar nan. Wannan tafiyar kwanaki ce a ƙafa, da kwana a daji, da tsallake rafuka. Dole sai da izinin hukumar gandun da rakiyar ma'aikatanta. Wanda bai taɓa hawa Kufena ko Shere ba, kada ma ya fara da nan.

INDA ZA A DAKATA TUKUNA

Gaskiya ɗaya ce, akwai wurare masu kyau da halin tsaro ya sa ba a ba matashi shawarar zuwa kai-tsaye. Kajuru a Jihar Kaduna, mai gidan nan irin na sarakunan Turai da wani Bajamushe ya gina a kan dutse, ta ga harin 'yan bindiga a watan Afrilun 2019, inda aka kashe baƙi biyu. Dutsen Kwatarkwashi da ke kusa da Gusau yana cikin yankin da 'yan fashin daji suka addaba. Sukur a Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, mai hanyar da aka shimfiɗa da duwatsu tun daga ƙasa har fadar Hidi, ita ce wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, amma Boko Haram ta kai mata hari a 2014. Ita kanta Filato, ban da rikicin cikin Jos na 2001 da 2008 da 2010, ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi sun sha munanan hare-hare a watan Disambar 2023, kuma yankin Riyom ma ya sha fama.

Saboda haka, ko ina za a je, a tambayi mutanen wurin a satin da za a tafi, kada a dogara da labarin bara. A yi tafiya da rana, a kwana a cikin gari. Idan na gida suka ce kada a bi wata hanya, to a haƙura, dutse ba ya gudu.

GUZURIN MAI HAWA

Lokaci mafi kyau shi ne ƙarshen damina, daga Oktoba zuwa Nuwamba. Ciyawa ba ta bushe ba, magangarun ruwa suna cike, sama kuma garau. Daga Disamba zuwa Fabrairu hawa yana da daɗi saboda sanyi, sai dai ƙurar hunturu takan rufe nesa, mutum ya sha wahala ya kai sama ya tarar ba ya ganin komai sai fari. A tsakiyar damina kuwa ga santsi ga tsawa, kuma saman falalen dutse ba wurin tsayawa ba ne idan hadari ya haɗo.

Batun sutura, a manta da abin da aka gani a fim. Kambas mai kama ƙasa ake sawa, ba silifas ko takalmi mai tsini ba. 'Yan mata za su iya hawa cikin mutunci da dogon wando a ƙarƙashin riga mai faɗi da hijabi madaidaici wanda ba zai riƙa harɗe ƙafa ba. Kowa ya riƙe ruwansa, aƙalla manyan gorori biyu, da dabino ko gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, da hula, da tocila, da waya mai cikakken caji. A rage turare mai ƙarfi saboda ƙudan zuma da ke zama a kogunan duwatsu, kuma kada a cusa hannu a ramin da ido bai ga cikinsa ba.

A tafi a ƙungiya, da sanin iyaye da yardarsu, a kuma bar wa wani a gida sunan wurin da lokacin dawowa. In an isa, a fara gaida mai unguwa ko dagaci, a nemi ɗan jagora daga cikin 'yan garin, a biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba. Wasu duwatsun suna da wuraren da mutanen yankin suke girmamawa, ba a shiga ba a ɗaukar hoto sai da izini. Masu son ɗaukar bidiyo don TikTok su tuna cewa jarumin da suke kwaikwayo yana da mutum goma a bayan kyamara suna lura da inda yake taka ƙafa. Ja da baya a bakin dutse ana kallon waya ganganci ne. Sannan duk ledar da aka hau da ita a sauko da ita, a kuma bar ɗabi'ar rubuta suna da na masoyiya da fenti a jikin dutse.

SAURA 'YAN INDUSTIRI

Su ma masu shirya fim da nasu aikin. A jerin sunayen ƙarshen fim ana gode wa mai abinci da direba da wanda ya ba da aron gida, amma da wuya a ga an rubuta sunan dutse ko ƙauyen da aka yi shutin. Layi ɗaya ne kawai, ba ya cin kuɗi, kuma da shi mai kallo a Damagaram ko Kumasi zai san cewa wurin da ya burge shi yana da suna, ana kuma iya zuwa. Yanzu da ake da kyamara mai tashi sama, wadda furodusoshin zamanin kaset ko a mafarki ba su samu ba, babu dalilin da zai sa a ƙare labari kaf a cikin falo.

Kafin su farga dai, mai kallo ba sai ya jira kowa ba. Kuɗin mota zuwa Dala ko Kufena bai kai abin da matashi yake kashewa a kan data a wata guda ba. A haɗa abokai biyar ko shida, a sa rana, a yi sammako.